Shafukan Kashbak a Intanet: Daga Ina Kuɗin Ke Fitowa, Kuma Mene Ne Hukuncinsu?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, ɗalibai da 'yan kasuwa masu odar kaya ta waya sun yawaita tambaya game da shafukan da ake kira kashbak, wato waɗanda ke cewa idan ka yi sayayya ta hannunsu za su maido maka da wani kaso na kuɗinka. Suna son sanin ko abin gaskiya ne, kuma ko halal ne. Malamai sun ce hukunta abu yana biyo bayan fahimtar yadda yake, don haka mu fara da yadda abin ke aiki.

Shafin kashbak na gaskiya dillali ne. Ba shi da kaya. Yana ƙulla yarjejeniya da shagunan intanet cewa duk mai sayen da ya kawo musu za a ba shi la'ada. Kai kuma ka buɗe asusu a wurinsa kyauta, ka danna sunan shagon daga cikin shafinsa, sai ya tura ka can. A lokacin ana ajiye wata 'yar alama a wayarka, ana kiranta kuki, wadda ke shaida wa shagon ta hannun wa ka zo. Idan ka saya, shagon ya biya dillali la'adarsa, shi kuma ya yago maka wani abu daga ciki. Misali, ka sayi kayan sefa 50,000, la'adar ta kama 4,000, dillali ya riƙe 1,500 ya ba ka 2,500. Ke nan kuɗin daga aljihun mai shago suke fitowa, domin ya gwammace ya biya bayan an yi ciniki da ya kashe kuɗi a tallar da bai san amfaninta ba.

Sana'ar ta daɗe. An kafa Ebates a Amurka a 1998, kamfanin Rakuten na Japan ya saye shi a 2014 a kan kimanin dala biliyan ɗaya. A Ingila akwai TopCashback da Quidco tun 2005, a Faransa akwai iGraal tun 2006.

Sai dai ko na gaskiyar ba ya biya nan take. Kuɗin suna zama a rataye makonni ko watanni, har sai wa'adin mayar da kaya ya wuce kuma shagon ya biya la'adar. Idan ka mayar da kayan, ko alamar ta ɓace saboda ka bi ta wani mahaɗi kafin ka biya, ba za ka samu komai ba. Yawancinsu kuma sai abin da ka tara ya kai wani adadi kafin ka cire. Sannan an gina su ne don mazauna ƙasashensu, suna biya ta bankunan can ko ta PayPal, don haka wanda ke Garwa ko Injamena ko Kumasi ya fara duba ko akwai hanyar da kuɗin za su iso hannunsa.

Ta fuskar shari'a, dillanci halal ne. Imamul Bukhari ya ƙulla babi a kan ladan dillali a cikin Kitabul Ijara, ya ambaci cewa Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba. Biyan lada idan aiki ya tabbata shi ne ji'ala, wadda malamanmu na Malikiyya suka halatta. Abin da dillali ya ba ka daga la'adarsa kyauta ce, kamar gyaran da mai awo ke ƙara maka a kasuwa. Ba riba ba ce, domin ba ka ranta wa kowa kuɗi ba, kaya ka saya da farashi sananne. Amma halaccin yana da sharuɗɗa.

Na farko, kayan su zama halal. Wasu daga cikin waɗannan shafuka suna ba da kashbak mai tsoka ga wanda ya yi rajista da kamfanin caca ko ya karɓi bashi mai ruwa. Wannan kuɗin haram ne, domin ladan shiga saɓo ne.

Na biyu, shiga ta zama kyauta. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na 18 a Makka a 2006, ta yanke cewa katin rangwame da ake saya da kuɗi bai halatta ba saboda garari, domin mutum ya biya abu tabbatacce a kan abin da bai san ko zai samu ba, amma wanda ake bayarwa kyauta ya halatta. Haka ma a nan. Idan shafin yana da matakin biya da na kyauta, ka tsaya a na kyauta.

Na uku, kada kwaɗayin kashbak ya ja ka zuwa katin bashi mai sharaɗin ruwa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta hana mu'amala da irin wannan kati ko da mutum ya ƙudurta biya kafin ruwan ya hau. Ka biya da kuɗinka da ke cikin asusunka.

Na huɗu, ka sayi abin da dama kana buƙata. Wanda ya kashe 50,000 a kan abin da ba ya so don a maido masa 2,500 ya yi asarar 47,500, ya kuma faɗa almubazzaranci. Ka gwada farashin da na wasu shaguna, domin wani lokaci mai arahar ba shi da kashbak.

Akwai kuma mas'alar amana. Idan wani ya wakilta ka saya masa kaya da kuɗinsa, ka sanar da shi abin da aka maido. In ya bar maka, ka ci halal.

Yanzu sai masu aron sunan kashbak don su yi damfara, kuma su ne suka fi yawo a zaurukanmu na WhatsApp da Telegram. Alamarsu ita ce sai ka fara zuba kuɗi, ana yi maka alkawarin riba kullum ba tare da ka sayi komai ba, ana matsa maka ka kawo mutane, ranar cirewa kuma a ce sai ka ƙara wani abu. Kuɗin sabon shiga ake ba tsohon shiga, har ranar da za a rufe shafin. Mutane ba su manta da MMM ba, wadda ta daskarar da asusun jama'a a Najeriya a Disambar 2016. Ko a Turai, kamfanin Lyoness na Ostiriya da ya riƙa tallar kashbak, hukumar Norwe ta ayyana tsarinsa a matsayin haramtaccen tsarin dala a 2018, hukumar Italiya kuma ta ci shi tarar yuro miliyan 3.2 a 2019. Wannan cin dukiyar mutane ne da ɓarna, kuma wanda ya ja ɗan'uwansa ciki yana da kamasho a zunubin, ko da shi ya fita da riba.

Saboda haka kafin ka shiga kowane shafi, ka tambayi kanka: wa ke biyan kuɗin nan, kuma saboda me? Idan mai shago ne saboda ciniki na gaskiya, babu laifi da sharuɗɗan da suka gabata. Idan amsar ba ta bayyana ba, ka nisance shi. Kada kuma ka ba kowa lambar sirrin asusunka ko lambar da aka turo maka ta saƙo, dillalin gaskiya ba ya neman su.

Allah ya azurta mu da halal, ya tsare mu daga haram. Wallahu a'alam.