Shafen da ke Tsabtace Gilashi da Hasken Rana

A shekarar 1972 ne wasu masana biyu na ƙasar Japan, Akira Fujishima da Kenichi Honda, suka bayyana cewa sinadarin titaniyum dayoksaid yana taimakawa wajen raba ruwa zuwa iskar oksijin da ta haidirojin idan haske ya sauka a kansa. Wannan sinadari kuwa ba baƙo ba ne gare mu, domin shi ne ke ba farin fenti farinsa.

Ga yadda abin yake. Idan haske ya bugi sinadarin, sai elektaron ya tashi daga mazauninsa ya bar gurbi. Elektaron ɗin da gurbin sukan yi aiki a kan iskar oksijin da laimar da ke saman sinadarin, su haifar da wasu ƙwayoyi masu ruguza maiƙo da rini da ƙwayoyin cuta, ba tare da shi sinadarin ya ƙare ba. Saboda haka ake shafa shi siriri a kan gilashi. A shekarar 2001 kamfanin Pilkington na Ingila ya fitar da gilashin taga mai irin wannan shafe.

Sai dai akwai matsaloli biyu. Ta farko, hasken ultrabayolet kaɗai ke tayar da elektaron ɗin, shi kuwa bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Ta biyu, yawancin elektaron sukan koma guraben da suka bari kafin su tsinana komai. Maganin da masana suka samo shi ne gauraya. Idan aka haɗa shafen da tungistan oksaid, ko ƙananan ƙwayoyin azurfa, sai elektaron ya tsallaka can, gurbin ya daɗe yana aiki. Idan kuma aka sanya naitirojin kaɗan, kamar yadda Ryoji Asahi da abokan aikinsa suka nuna a 2001, sai shafen ya fara amfani da hasken da ido ke gani.

Hanya mafi sauƙi ta yin shafen ita ce a tsoma gilashi cikin ruwan sinadaran, a zaro shi a hankali, a shanya, sannan a gasa a tanda mai zafin digiri 450 zuwa 500. Akan fara shimfiɗa silika a ƙasa, domin kada sodiyum ɗin da ke cikin gilashi ya shiga shafen ya raunana shi. Daga nan sai a gwada shi da shuɗin rini, a auna saurin koɗewarsa a ƙarƙashin haske.

Ya kamata ɗalibai su lura cewa shafen ba ya ruguza ƙurar hunturu, domin ita ɓarɓashin ƙasa ce. Maiƙon da ke riƙe ƙurar kawai yake cinyewa, sauran aikin kuma sai ruwan sama ya zo.