Karkatar Ƙashin Baya da Masu Danna Gaɓoɓi

A shekarar 1895 wani mutumin Amurka, D. D. Palmer, ya kafa wata hanyar magani a garin Davenport, wadda ake kira kairofraktik, watau danna gaɓoɓin ƙashin baya da hannu. Cikin waɗanda akan kai wa masu wannan sana'a har da yara masu karkatar baya. Wannan kuwa ba doro ba ne: ƙashin ne ke lanƙwasa gefe guda yana murɗewa, galibi dab da balaga, ya kuma fi tsananta ga 'yan mata. In yarinya ta sunkuya, akan ga haƙarƙarin gefe ɗaya ya ɗara ɗayan tudu.

Likitoci kan auna lanƙwasar a hoton ƙashi, bisa ƙa'idar John Cobb ta 1948. In ta kai digiri 25 ga mai sauran girma, sai a ɗaura mata riga mai tauri. Wajen 45 zuwa 50, sai tiyata. Dannar hannu takan rage ciwo, amma ba a tabbatar tana miƙe ƙashi ba. Rigar ko ba ta da amfani sai ƙashi na girma, yarinya kuwa na iya ƙare girmanta cikin watannin da aka ɓatar wurin mai danna.