Daga Fatar Kwaɗo Zuwa Ɗab'in Tsoka: Binciken Hans Ussing

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bayyana aikin wani masanin kimiyya mutumin ƙasar Danmak, Hans Ussing, wanda aka haifa a 1911 ya rasu a 2000, a kuma nuna yadda tambayar da ya yi game da fatar kwaɗo ta zama ma'aunin masu ƙoƙarin ƙera sassan jikin ɗan'adam da na'ura. Kafin a yi nisa ya kamata a daidaita kalma ɗaya. Akwai wani siririn shimfiɗi na ƙwayoyin halitta da ya lulluɓe fata da cikin hanji da hanyoyin huhu da bututun ƙoda. A nan za mu kira shi tantani, domin Bahaushe ya riga ya san tantanin ƙwai da tantanin ido, kuma kalmar ba ta buƙatar aro.

Ussing ya fara ne da nazarin ƙananan halittun teku, sa'an nan ya koma ɗakin binciken August Krogh a Kofanhagan. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne halin kwaɗo. Ruwan kududdufi kusan ba shi da gishiri, jinin kwaɗo kuwa yana da shi, amma duk da haka kwaɗo yana zuƙar gishiri ta fatarsa daga inda yake kaɗan zuwa inda yake da yawa. Wannan tamkar ruwa ne ya hau tudu da kansa. Gishirin miya idan ya narke yakan rabu gida biyu, watau sodiyam da kuloraid, kowanne ɗauke da ɗan lantarki. To, wanne daga cikinsu fata take ja, kuma da wane ƙarfi?

A 1951 Ussing da abokin aikinsa Karl Zerahn suka fito da dabarar da ta warware matsalar, kuma sauƙinta shi ne abin sha'awa. Suka ɗauki fatar kwaɗo suka ɗame ta tsakanin wasu ƙananan kwalabe biyu, suka zuba ruwan gishiri iri ɗaya a kowane gefe, domin kada wani gefe ya fi wani. Fatar da kanta tana haifar da bambancin lantarki tsakanin waje da ciki, sai suka aika da lantarki daga batir daidai gwargwadon da zai shafe wannan bambanci. Da aka yi haka babu sauran wani ƙarfi na waje da zai tura gishiri ko'ina, saboda haka duk abin da ya ƙetare, aikin fatar ne ita kaɗai. Suka sa wa sodiyam alama da sinadari mai fitar da haske da ake iya aunawa, suka ga adadin da ya ƙetare ya yi daidai da lantarkin da suka aika. Ashe sodiyam fata take ja, kuloraid da ruwa biyo shi suke yi. Har yau ana kiran wannan na'ura da sunan Ussing.

A 1958 shi da Valborg Koefoed-Johnsen suka ƙara bayani cewa ƙwayar tantani fuska biyu gare ta, kuma ba iri ɗaya ba ne. Misalinta kamar zaure ne mai ƙofa biyu: ƙofar waje a buɗe take ga sodiyam, yana shigowa ba da wahala ba, ƙofar cikin gida kuwa akwai famfo a bakinta mai tura shi zuwa jini da ƙarfin abincin da jiki ya ƙona. Shekara ɗaya kafin wannan, wani ɗan ƙasarsu, Jens Skou, ya gano sinadarin da ke wannan aikin famfo a jijiyar kaguwa, ya kuma sami lambar Nobel a 1997.

Mai karatu yana iya cewa ina ruwanmu da kwaɗon Danmak? A ganina nan ne amfanin binciken ya fi fitowa fili. A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa a hanji sodiyam da sukarin gulukos tare suke shiga ta ƙofa ɗaya, a 1964 kuma Schultz da Zalusky suka sa hanjin zomo a na'urar Ussing suka ga lantarki yana ƙaruwa da zarar an zuba gulukos. Dafin ƙwayar cutar kwalara yakan sa tantanin hanji ya riƙa zubar da kuloraid, ruwa ya bi shi, har mutum ya ƙafe cikin sa'o'i, amma bai taɓa waccan ƙofa ta gishiri da sukari ba. Wannan shi ne asirin ruwan gishiri da sukari da ake ba mai amai da gudawa a asibitocinmu. Likita Dilip Mahalanabis ya gwada shi a kan dubban 'yan gudun hijirar Bangaladash a Indiya a 1971, lokacin da ruwan ƙarin jijiya ya yi ƙaranci, mace-mace suka ragu ƙwarai. A wannan shekara ce kuma annobar kwalara ta yi ɓarna a Nijeriya.

Haka nan cutar gado da ake kira sistik faiburosis, wadda majina ke yin kauri a huhu, gumi kuma ya yi gishiri. Paul Quinton a Amurka, wanda shi kansa yake fama da ita, ya nuna a 1983 cewa kuloraid ne ya kasa ratsa tantanin bututun gumi. A 1989 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa ta.

Sai batun ɗab'in tsoka. A 2003 Thomas Boland na Jami'ar Clemson ya gyara na'urar buga takardu ta ofis, ya sa ƙwayoyin halitta masu rai a madadin tawada. Daga nan fasahar ta bunƙasa, ana jera ƙwayoyi cikin wani abu mai kama da kamu, shimfiɗi bisa shimfiɗi, har siffa ta fito. Jaridu sun fi son hoton kunne ko zuciya da aka buga, to amma siffa ita ce mafi sauƙin lamarin. Alal misali, ƙodojin mutum suna tace kimanin lita 180 na ruwa daga jini kowace rana, fitsarin da ke fita kuwa bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Sauran duka tantanin bututun ƙoda ne ke mayar da shi cikin jini, ta hanyar da Ussing ya bayyana. Idan ƙwayoyin da aka buga ba su haɗe da juna sosai ba, ko kuwa ƙofar waje da ta ciki ba su zauna a mazauninsu ba, to abin da aka samu mutum-mutumin ƙoda ne kawai.

Saboda haka masu wannan aiki sukan auna abin da suka ƙera da tambayar 1951: yana hana yoyo, yana kuma jan abu zuwa gefen da ya dace? Ƙungiyar Jennifer Lewis a Jami'ar Harvard ta buga bututun ƙoda mai lanƙwasa a 2016, a 2019 kuma ta haɗa shi da hanyar jini ta nuna cewa gulukos yana ƙetarawa daga wannan zuwa waccan. Ana fatan irin waɗannan ƙananan sassa za su taimaka wajen gwada magunguna kafin a ba mutane. Cikakkiyar ƙoda da aka buga da na'ura kuwa, har zuwa yau ba a dasa wa kowa ita ba.