Abin da ya kamata ku sani game da Clifford Jack da hoton ƙwaƙwalwar masu ciwon mantuwa

Shekaru aru-aru likitoci ba su da hanyar tabbatar da cutar Alzheimer a jikin mai rai. Dattijuwa za ta fara mance inda ta ajiye kuɗinta, daga nan sunayen jikokinta su fara kuɓuce mata, wata rana kuma ta fita ta kasa gane ƙofar gidan da ta tsufa a cikinsa. Likita ya yi mata tambayoyi, ya gwada tunaninta, iyakar abin da zai iya cewa shi ne da alamar ita ce. Tabbaci sai bayan rai ya yi halinsa, an duba ƙwaƙwalwar da madubin likita. Haka shi kansa Alois Alzheimer ya yi a Jamus a 1906: sai da majinyaciyarsa Auguste Deter ta rasu sannan ya ga abubuwa biyu da har yau ake gane cutar da su, wato wani daskararren furotin da ke taruwa tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wanda ake kira amiloyid, da wani da ke cukurkuɗewa a cikin ƙwayoyin, wanda daga baya aka gano furotin ɗin tawu ne.

Cikin mutanen da suka sauya wannan yanayi akwai Clifford Jack, likitan hoto a asibitin Mayo Clinic da ke Rochester a jihar Minnesota ta Amurka. Maƙalolin da sunansa ke kansu ɗaruruwa ne, kuma yana cikin waɗanda aka fi kafa hujja da aikinsu a wannan fage. Amma yawan takardu ba shi ne abin dubawa ba. Wanda ya bi rubuce-rubucensa daga farko zai tarar tambaya ɗaya ce yake ta bi fiye da shekara talatin: me ke fara lalacewa a ƙwaƙwalwa, yaushe, kuma me ke biyo bayan me?

Ba da ciwon mantuwa ya fara ba, da farfaɗiya ya fara. A can cikin ƙwaƙwalwa, ta wajen saitin kunne, akwai wani ɗan sashe mai lanƙwasa, dama da hagu, da ake kira hifokamfas. Shi ke karɓar sabon abu ya adana shi: abin da aka ci da safe, baƙon da ya zo jiya. Jack ya yi amfani da na'urar MRI, wadda ke ɗaukar hoton cikin jiki da ƙarfin maganaɗisu, yana zana iyakar wannan sashe da hannu a hoto bayan hoto domin ya auna girmansa. A 1990 ya nuna cewa wannan awo yana taimakawa a gane ɓangaren da farfaɗiya ke tasowa. A 1992 ya juya awon kan tsofaffi, ya nuna cewa hifokamfas na masu cutar Alzheimer ya motse idan aka kwatanta da na sa'o'insu masu lafiya. Wannan ya bayyana abin da iyalai suka daɗe suna gani ba su san dalilinsa ba, wato tsoho ya ba da labarin aurensa na fari tiryan-tiryan amma ya kasa tuna ko ya ci tuwon dare.

Aikin 1999 ya fi wannan nauyi. Shi da abokin aikinsa Ronald Petersen sun bi mutum 80 da mantuwarsu ta wuce ta tsufa amma ba ta kai ga hana su hidimar yau da kullum ba. Cikin kusan shekara uku, 27 daga cikinsu suka faɗa cikakken ciwon, kuma waɗanda hifokamfas ɗinsu ya fi ƙanƙancewa tun farko su ne suka fi faɗawa. Daga nan hoton ya tashi daga mai tabbatar da abin da ya riga ya faru, ya koma mai nuna abin da ke tafe.

Sai dai MRI ɓarna kawai take nunawa, ba ta nuna mai ɓarnar. Wannan giɓi wasu ne suka cike shi. A Jami'ar Pittsburgh, William Klunk da Chester Mathis suka haɗa wani sinadari da ake yi wa mutum allurarsa, ya je ya manne wa amiloyid, na'urar PET kuma ta haska inda ya taru. An fara gwada shi a jikin mutum a Uppsala ta ƙasar Suwidin a 2002, aka wallafa sakamakon a 2004. A wannan shekara ta 2004 aka buɗe wani babban shiri mai suna ADNI ƙarƙashin jagorancin Michael Weiner, wanda ya fara da mutum kusan 800 a cibiyoyi fiye da 50 na Amurka da Kanada. Jack aka damƙa wa ɓangaren MRI. Aikin da ya yi a nan ba ya jan hankalin 'yan jarida, amma ni a ganina yana cikin mafi amfaninsa: daidaita na'urori na kamfanoni daban-daban ta yadda hoton da aka ɗauka a wannan gari zai yi magana ɗaya da na wancan. Ba don haka ba, da ba a san ko ƙwaƙwalwa ce ta motse ko na'ura ce ta bambanta ba. Kuma aka bar bayanan a buɗe ga duk mai bincike a duniya.

A 2010 ne ya tattara wannan duka a maƙalar da aka fi saninsa da ita, a mujallar Lancet Neurology. Zuciyar maƙalar wani zane ne guda ɗaya mai layuka da ke hawa ɗaya bayan ɗaya. Amiloyid ne ke fara taruwa, mutum na cikin hayyacinsa, yana kasuwancinsa, ba abin da ya dame shi. Bayan shekaru tawu ya biyo baya, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su fara mutuwa, sannan MRI ta fara nuna motsewa. Sai a ƙarshe mantuwa ta fito fili. Abin ya yi kama da gara a cikin azara: ranar da rufi ya rufta ba ita ce ranar da ɓarna ta fara ba. Jack ya faɗa tun a kan maƙalar cewa hasashe ne da ke jiran gwaji. Gwajin kuwa bai daɗe ba. A 2012 wani bincike da Randall Bateman ya jagoranta kan iyalan da ke gadon cutar, waɗanda ana iya ƙiyasta shekarar da za ta bayyana a jikinsu, ya ga amiloyid a hoton PET kimanin shekara 15 kafin alamu, ya kuma ga sauyi a ruwan laka tun kafin haka.

Abin da ya sa nake girmama wannan mutum shi ne yadda ya yi da sakamakon da bai dace da zanensa ba. A 2012 ɗin, da ya duba tsofaffi masu lafiyar tunani na gundumar Olmsted inda asibitinsu yake, ya tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu suna da alamar lalacewar ƙwaƙwalwa alhali babu amiloyid a tare da su. Bai ɓoye ba, ya wallafa, ya ware su a matsayin rukuni na daban da wata ƙila wasu cututtuka ne ke cinsu. A 2013 kuma ya sake fitar da zanen da gyara, ya yarda cewa tawu na iya fara taruwa da kansa tun kafin amiloyid, sai dai amiloyid ne ke hanzarta bazuwarsa.

Daga nan aikin ya shiga inda ake jayayya. A 2018 Jack ya jagoranci kwamitin da ya ce, domin bincike, a riƙa bayyana cutar Alzheimer da abin da ke cikin ƙwaƙwalwa, ba da alamun da ake gani ba. A 2024 wani kwamitin da ya sake jagoranta ya faɗaɗa wannan matsayi, ya shigo da gwajin jini. Ma'anar haka ita ce mutumin da tunaninsa garau yake, amma gwaji ya nuna amiloyid, ya riga ya shiga matakin farko na cutar. Wasu manyan masana, cikinsu har da Bruno Dubois na Faransa, ba su amince ba. Hujjarsu mai ƙarfi ce: tsofaffi da yawa, kusan ɗaya cikin uku a wasu nazarce-nazarce, suna ɗauke da amiloyid ba tare da wata matsala ba, kuma da yawansu za su cika kwanakinsu mantuwa ba ta same su ba. Me zai sa a ɗora wa mai lafiya sunan cutar da za ta hana shi barci? Shi ma kwamitin Jack ya ce kada a riƙa gwada mutanen da ba su da alamu in ba don bincike ba. Ni dai na fi karkata ga masu taka-tsantsan. Abin da ke da amfani a ɗakin bincike ba lallai ne ya zama alheri a gaban majinyaci da iyalinsa ba.

Duk da haka, magungunan da suka fito kwanan nan a kan wannan harsashi aka gina su. Lecanemab, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta ba cikakkiyar amincewa a 2023, ya rage saurin taɓarɓarewar tunani da kashi 27 cikin 100 a wata 18. Ba ya warkarwa, ba ya dawo da abin da ya tafi. Ba a ba mutum shi sai an tabbatar da amiloyid a jikinsa, kuma sai ana maimaita masa MRI saboda yana iya jawo kumburi ko ɗigar jini a ƙwaƙwalwa. Farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala 26,500 ne a shekara, ban da kuɗin hotuna.

Wannan ya kawo mu ga babbar tawayar aikin gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 57 ne ke da ciwon mantuwa a 2021, kuma sama da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Amma mafi yawan ƙwaƙwalen da aka zana waɗancan layuka da su na Turawan Amurka ne masu ilimi mai zurfi. Ba za a ɗauka cewa kowa haka yake ba. Binciken Indianapolis da Ibadan, wanda aka fara a 1992 kuma Hugh Hendrie da Adesola Ogunniyi suka daɗe suna jan ragamarsa, ya ba da rahoto a 2001 cewa yawan masu kamuwa da ciwon mantuwa a kowace shekara tsakanin tsofaffin Yarabawan Ibadan bai kai rabin na baƙaƙen fatar Amurka da ke Indianapolis ba. Wata ƙila abinci, hawan jini, gado da tsawon rai duk suna da hannu, kuma ba za a warware wannan ba sai an yi irin aikin Jack a kan ƙwaƙwalen 'yan Afirka.

Ga iyalin da ke da tsoho mai mantuwa a Kano ko Damagaram, inda MRI ke da tsada kuma PET ta yi nisa, darasin da ke cikin wannan bincike a sarari yake. Abin da ake kira gigin tsufa cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ake iya gani a hoto, ba maita ba ce, ba aljanu ba, ba kuma taurin kai ba. Hoton CT, wanda ya fi sauƙin samu a manyan asibitocinmu, ba zai nuna amiloyid ba, amma zai iya nuna tsohon shanyewar ɓarin jiki, ko ƙari, ko jinin da ya taru bayan faɗuwa, ko ruwa a ƙwaƙwalwa, kuma wasu daga cikin waɗannan ana maganinsu. Gwajin jini zai iya gano ƙarancin bitamin B12 ko matsalar maƙoƙo, waɗanda su ma kan rikita tunani. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa yana da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya kauce musu ko magance su, cikinsu har da hawan jini, ciwon suga, shan taba, raunin ji da raunin gani.

Tunda ɓarnar tana farawa ne shekaru kafin a lura, lokacin kula da ƙwaƙwalwa shi ne tun mutum na shekara arba'in zuwa hamsin. Ku riƙa auna hawan jininku, ku sha maganinsa a kan kari. Idan kuma Baba ko Inna sun fara maimaita tambaya ɗaya, ko suna ɓata a unguwar da suka sani, kada ku jira abin ya tsananta, ku kai su asibiti.