Zaman Bariki a Lokacin Yaƙi: Matsalar Bincikensa a Iyakar Illo da Dahome

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba hanyoyin da mai bincike zai bi ya gano yadda sojan baƙi suka rayu a sansanoninsu na bakin iyaka, wato cinsu da shansu, da iyalinsu, da zamansu da mutanen gari. Mun ɗauki ƙasar Illo, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, domin tun yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zama bakin iyaka, aka kuwa girke mata sojan rundunar da Lugga ya kafa a 1897.

Sau biyu yaƙin Turawa ya taɓa wannan iyaka. A 1916 Bio Gera ya yi wa Faransawa tawaye a Bargun Dahome saboda kamun soja na tilas, mutane suka riƙa tsallakowa ƙasar Ingilishi. Daga 1940 kuma zuwa Nuwamba 1942 Dahome da Nijar suna hannun gwamnatin Bishi mai bin Jamus, saboda haka maƙwabcin jiya ya koma abin tsaro, ko da yake kasuwa da auratayya tsakanin Illo da Segbana da Gaya ba su san da wannan ba.

Abin da mai bincike yakan fara nema shi ne littafin yau da kullum na kowace bataliya, wanda ake ajiye da shi a ma'ajiyar tarihi ta Kiyu a London. A ganinmu an cika dogara da shi fiye da kima. Hafsan Bature ne ya rubuta shi domin na gaba da shi, don haka zai faɗi ranar da aka tashi da ranar da aka sauka, da yawan marasa lafiya, amma da wuya ya ambaci sunan kurtu sai in ya mutu ko ya gudu. Wanda ya daka dawar da aka ci, ko wanda ya bayar da ita, ba ya ciki.

A nan ne takardun Lardin Sakkwato da ke ma'ajiyar tarihi ta Kaduna suka fi amfani, domin nauyin ciyar da soja a kan talakawa yake sauka. Rahoton Di'o kan tara hatsi da 'yan dako, da ƙarar da hakimi ya kai, da farashin kasuwa, da shari'ar bashi ko ta aure a gaban alƙali, su ne suke nuna bariki daga waje. Ta nan kuma ake hango mata. Sojan wannan runduna da matansu suke zama a bariki, da magajiyarsu mai kula da su, kuma su ne masu girki, amma takardun soja ba safai suke ƙidaya su ba. Sai dai a lura, takardar hukuma ba ta buɗewa sai an yi rigima. Wanda ya karanta ta shi kaɗai zai ɗauka kullum faɗa ake yi tsakanin soja da gari.

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta buga wasiƙun soja da Hausarsu, amma lokacin yaƙi ne, ba kowace magana ake bari ta fita ba. Akwai kuma ɗaya ɓangaren iyakar, wanda takardunsa suke Fotonobo da Dakar cikin Faransanci, abin da ya sa yawancinmu muke ba da labarin rabin iyaka kawai.

Saura maganar baka. Waɗanda suka yi aikin soja a 1940 kusan duk sun kwanta dama, saboda haka yanzu 'ya'yansu da jikokinsu za a tambaya, tare da abin da suka bari a adaka: takardar sallama, da lambobin yabo, da littafin biyan albashi. Lambar soja da ke jikin takardar sallama ita ce za ta haɗa mutumin Illo ko na Ka'oje da bataliyarsa, daga nan a san littafin da za a nema a London.