Injin matsa ƙasa da ordinatar: yadda kayan zamani suka taimaki magina a Dandaji

Duk wanda ya taɓa kwana cikin ɗakin siminti mai rufin tol a watan Afrilu, a Yamai ko Maraɗi, ya san abin da ake kira azaba. Zafi ya wuce digiri 40, bango ya sha rana tun safe, da dare sai ya riƙa amayo ta. In kuran ta ɗauke, kamar yadda muka gani a 2023 sa'ad da Najeriya ta yanke mana wuta, sai mai gida da iyalinsa su kwashi tabarmi su yi waje. Abin mamaki, wasu daga cikin waɗannan gidaje da zanen ordinatar aka gina su. To, ina amfanin na'urar?

Laifin ba na na'ura ba ne. Mai zane ne ke kwaso taswirar gidan da aka yi domin ƙasashe masu sanyi, da manyan gilasai da siririn bango, ya ɗora ta a filin Sahel. Zanen ya yi kyau a takarda, amma gidan ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki. Akwai kuwa waɗanda suka bi wata hanya, kuma aikinsu yana nan tsaye a jihar Tawa.

Masallacin da aka so a rushe

A garin Dandaji akwai tsohon masallacin laka, aikin Alhaji Falke Barmu, maginin nan da ya gina masallacin Yama wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Masallacin ya tsufa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan, har aka yi niyyar rushe shi a ɗora na siminti. Sai aikin ya faɗo hannun Mariam Issoufou, wadda aka fi sani da Mariam Kamara, tare da abokiyar aikinta ƴar ƙasar Iran, Yasaman Esmaili.

Mariam ba baƙuwar na'ura ba ce. Ilimin ordinatar ta fara karanta a Amurka, ta yi shekaru tana aikinsa, kafin ta koma karatun zanen gine-gine. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai da sunan Hausa, Masomi. Shawarar da suka kawo ita ce a gyara tsohon masallaci ya zama ɗakin karatu, a gina sabo kusa da shi mai ɗaukar mutum 1,000. An kammala a 2018, aka raɗa wa wurin suna Hikma.

Abin da injin yake yi

Da jar ƙasar yankin aka yi sabon ginin. Ana tankaɗe ta, a zuba siminti ɗan kaɗan, wajen kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a yayyafa ruwa, sannan a zuba cikin injin da ke matse ta da ƙarfi. Tubalin ya fito da kusurwa huɗu daidai, duka girmansu ɗaya. Ba a gasa shi, saboda haka ba a ƙona itace ko ɗaya. Rufe shi ake yi na ƴan makonni har ya yi ƙwari. Injin kansa ba sabon abu ba ne: tun shekarun 1950 aka ƙera irinsa a ƙasar Kolombiya, kuma na hannu ba ya bukatar kuran ko man fetur.

Amfanin a fili yake. Bangon ƙasa mai kauri yana riƙe zafin rana, ba ya barin shi ya kutsa ɗaki da wuri. Matsewar kuma tana rage babbar matsalar ginin laka, wato zaizayar damina da yaɓe duk shekara. Da yake tubalan girmansu ɗaya, mai zane yana iya lissafa adadinsu a ordinatar tun kafin a haƙa tushe, ya duba inda rana za ta faɗo da inda iska za ta bi, ya san inda zai sa taga. Nan ne na'ura take da rana.

Magini bai rasa aikinsa ba

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a kori magina ba. An nemo waɗanda suka yi aikin tsohon masallacin aka sa su cikin gyaransa. Su suka san sirrin laka da bakan gizo. Masu zane kuma suka kawo dabarun kare bango daga ruwa. Kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa. Wannan aiki ya ci kyautar zinariya ta LafargeHolcim ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017. Kafin shi, a 2016, Mariam da abokan aikinta sun gina gidaje 6 masu bene da irin wannan tubali a unguwar Niamey 2000.

Sauran aiki yana wuyanmu. Har yanzu da yawanmu muna ganin gidan ƙasa na talaka ne, siminti kuma shaidar samu. Alhali hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 da laka aka yi ta, ga ta nan tsaye shekaru aru-aru. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Saboda haka, mai karatu, ranar da mai zane ya buɗe maka ordinatar ya nuna maka gida mai ƙyalli, ka yi masa tambaya ɗaya kafin ka biya kuɗi: in kuran ta ɗauke a watan Afrilu, zan iya kwana a ciki?