Kofi da takunkumi: Tanis ɗin mata a China

A ƙarshen 2008 hukumomin China suka sakar wa 'yan wasan tanis mata huɗu mara, kowace ta zaɓi kocinta. A 2011 ɗayarsu, Li Na, ta lashe gasar French Open.

Sai dai 'yancin bai wuce filin wasa ba. A Nuwamban 2021 Peng Shuai, wata daga cikinsu, ta zargi tsohon mataimakin firaminista Zhang Gaoli da tilasta mata kwanciya da shi. Nan take aka goge rubutunta daga intanet. Daga baya ta ce ba a fahimce ta ba. Ƙungiyar tanis ta mata, WTA, ta janye gasanninta daga ƙasar, amma ta koma a 2023 ba tare da an gudanar da binciken da ta nema ba.